Ranar da Lauwali Rigingine Ya Yi Gudu

A Kwarin Gawo, wani ɗan ƙauye da ke maƙale a gindin duwatsun Roni, an yi wani mutum wai shi Lauwali Rigingine. Lauwali ne sunan yanka, Rigingine kuwa shi ya nemo abinsa. Zamanin ana cin kasuwa da kuɗin wuri ne, lokacin da in dogaran Sarkin Kazaure suka ɓullo ta bakin gari kowa sai ya kama kansa. Gari na wayewa maza su saɓi fartanya, mata su jawo turmi, shi kuwa ya ja 'yar tabarmarsa zuwa tsamiyar da ke tsakiyar unguwa. Ba ya shiga can gindi. A bakin inuwa yake shimfiɗawa, inda jikinsa zai sha sanyi idonsa kuma ya ga sama, ya kwanta rigingine, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Inuwa ta matsa, ya ja tabarma ya bi ta. In ban da salla da cin tuwo, iyakar motsinsa ke nan a yini.

Tun yana yaro ubansa ya gane an yi asara. In aka ba shi fartanya, sai a tarar da shi a tsaye tsakiyar gona, baki buɗe, yana kallon sama. Uban ya ce to, tun da tsuntsu yake so, a ɗora shi kan rumfar korar tsuntsu. Ran nan ya zo dubawa, ya iske jan-baki sun rufe geron nan ruf, ɗan nasa yana zaune ya yi tagumi, ko tari ya ƙi yi kada su tashi. Wai so yake ya gane waɗanne ne jan-baki, waɗanne ne matan kabare, don duk launin ƙasa gare su, sai mutum ya lura da baki. Ya sha dukan da har maƙwabta suka shigo ba da haƙuri, dukan kuwa bai sauya komai ba. Da uban ya rasu sai ƙannensa suka riƙe gonar suna aiko masa da rabonsa, saboda sun lura zuwansa ya fi rashin zuwansa ɓarna.

Amma a faɗi gaskiya ko a kan malalaci ne, ido dai Allah ya ba shi. Kafin matan unguwa su gane amfaninsa, inuwar fiffike kowace iri ta gilma a tsakar gida, sai ka ga mace ta yar da taɓarya ta fita da ihu tana tattara 'yan tsaki. Ta dawo ta tarar akuya ta zura kai cikin turmi, alhali abin da ya wuce ungulu ce da ba ruwanta da mai rai. Lauwali ne ya raba su da wannan wahala. Daga inda yake kwance zai ce, "Ungulu ce, ku ci gaba da dakanku." Ko kuma ya ɗaga murya ya kira maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da ta fi kowa kaji a unguwar: "Uwa, shirwa! Gidanki ta nufa!"

In ka yi kuskuren tambayarsa yadda yake ganewa, to ka nemi wurin zama. Shirwa, in ji shi, wutsiyarta a tsage take kamar bakin almakashi, tana murɗa ta hagu da dama tana yawon munafunci a kan gidaje. Shaho ba ya yawo, fikafikansa tsini gare su, in ka gan shi ya riga ya gama abin da ya kawo shi. Gaggafa kuwa wutsiyar ma ba a ba ta ba, tafe take tana tangaɗi. Ladan wannan aiki shi ne dunƙulen fura daga nan, ɗumame daga can. Akwai kuma wani ƙarin. Tun da shi kaɗai ne namijin da ba a taɓa rasawa a gari da rana, duk macen da za ta yanka kaza wurinsa take kawowa, da wuƙarta a hannu. Ya ɗan tashi zaune, ya yi bisimilla, ya yanka, ya miƙa mata wuƙarta, ya koma. Shi ya sa har ya yi furfura bai taɓa mallakar wuƙa tasa ta kansa ba.

Abu ɗaya ne ke sa shi ɓacin rai na gaske, a haɗa masa ungulu da mikiya. Dattawan gindin tsamiya sun san haka, saboda haka in hira ta yi sanyi sai ɗayansu ya ce, "Ni fa ban ga bambanci ba, Lauwali. Duk mushe suke ci."

"Haba, baba! Kai ma tuwo kake ci, Sarkin Kazaure ma tuwo yake ci, ɗaya kuke? Ungulu 'yar gari ce. Ta san ranar kasuwar Roni, ta san ta Gwiwa, ta san mahaucin da ke zubar da hanji da wanda ke kai wa matarsa. Baƙa-baƙa, ƙaramin kai, siririn baki, tana tafe ƙasa-ƙasa tana kaɗa fiffike. Mikiya fa? Wuya har wuya, baya dabbare-dabbare, fiffike faɗin ƙyaure. Tana can ƙololuwa ba ta ko kaɗawa. Ba ta saukowa don hanjin akuya, sai babban abu ya faɗi a dawa."

Sau ɗaya dai idon ya ci amanarsa, ko kuma a ce ya rufe. Barci ya sace shi da tsakar rana, shirwa ta yi ta jigila a gidan Uwa har ta kusa ƙarar da ƙyanƙyasa guda. Da tsohuwar ta zo tana zazzaga masa bala'i, ko a jikinsa. Ya ce wannan ba shirwar garin nan ba ce, baƙuwa ce daga wajen Babura, ba ta san ƙa'ida ba. Tun daga ranar maganarsa ta rage nauyi a wurin maza, matan dai suka ci gaba da aiko da fura don ba su da wani.

Wanda bai san labari ba zai ce wace mace ce za ta zauna da wannan. To Adda ta zauna. Bafulatana ce, doguwa, mai kaifin harshe. Mijinta na fari ya bi fatake ya ce zai dawo kafin kaka, har yau bai dawo ba. Da aka raba auren, manema suka fito, ta tsallake masu gona da masu jaki ta nuna Lauwali. Wanta Hamma ya tambaye ta ko ta haukace ne, ta ce a'a, wannan karon wanda in ta leƙa za ta gan shi inda ta bar shi take so. Ta kuwa samu abin da ta nema har ya yi mata yawa. Malam take kiransa, amma yadda take jan sunan kowa ya san ba don karatu ba ne.

Adda ta zo gidan da saniya ɗaya, Saye. Ubansu mai garke ne a da, sai annobar shanu ta bi ƙasar ta share shi tas, karsana guda ta tsira. Saye jikar wannan karsana ce, kuma ita kaɗai ta rage daga jinin garken. Hamma kansa shanun mutane yake kiwo. Nonon Saye ne ke riƙe da gidan Lauwali, ita ce miyarsu, ita ce suturarsu, amma ba wannan ne ke hana Adda sukuni ba. Duk haihuwar da saniyar ta yi maza ta zuba. Ɗaya ya tafi a shekarar da jangali ya matsa, ɗaya kura ta ci, ɗaya aka kai kasuwa da yunwa ta shigo. Ga Saye ta tsufa, Hamma ya duba haƙoranta ya ce wannan cikin da take ɗauke da shi da wuya a ga wani bayansa. In ta haifi mace, garken ubansu bai mutu ba. In ba haka ba, shi ke nan, an rufe. Adda ba ta faɗin wannan da baki, amma Lauwali yakan gan ta da sassafe ta kifa goshinta a cikin saniyar tana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa.

Cikin bazara ne, ana zafin nan da ko ƙadangare ba ya son hawa dutse, ran nan shanu suka dawo daga kiwo ba Saye. Washegari Hamma ya tara maza suka yi gabas wajen fadama, don a ganinsu saniya mai tsohon ciki ruwa za ta nema. Adda ta zaga bayan gari ta dawo ƙafa duk ƙaya, ta tsaya a kan mijinta har inuwarta ta rufe masa sama.

"Malam, ko yau ba za ka tashi ba?"

"Ai neman nake yi, Adda. Ɗan matsa."

Ta dube shi, ta juya ta shige gida. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Shirun nan ya zauna masa a ƙirji, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba ko a ranar dukan gero.

Da hantsi ya ɗaga sai Lauwali ya hango ɗige-ɗige can yamma, saman duwatsu. Ya nuna wa dattawa. Ɗayansu ya kare ido da hannu ya ce ai yau kasuwar Roni, ta can kuma take, ungulayen mahauta ne suke jiran rabonsu. Maganar ba ta rasa kan gado ba, shi ma Lauwali ya so ya yarda da ita, don yarda da ita ba ta bukatar tashi. Sai dai idon ya ƙi. Ungulun kasuwa ba ta hawa can. Waɗannan sun yi nisa da ƙasa ƙwarai, kuma ba wadda ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya. Mikiya ce, ba ɗaya ba, wasu ma na tahowa daga arewa. Babban abu ne ya faɗi. Ya ƙara zuba ido ko zai ga sun saki ƙafafu sun zubo ƙasa yadda suke yi in abu ya mutu, ya ga zagaye kawai suke yi, ɗaya-ɗaya na sulalewa a hankali. Wato abin yana da sauran rai, jira suke.

Lauwali Rigingine ya miƙe tsaye, ya tattare riga, ya zuba da gudu.

Abin da ya biyo baya an daɗe ana ba da labarinsa a Kwarin Gawo. Uwa ta gan shi ya wuce ta ƙofar gidanta, ta yar da ƙwarya ta kwarma ihu wai gobara. Wani dattijo ya ce ba gobara ba ce, masu ƙirgar jangali ne, nan take aka shiga tura dabbobi bayan rumbuna. Wata mata ta suri ɗanta ta yi gabas ba ta san abin da ta guje wa ba. Kowa ya yi lissafi iri ɗaya, duk abin da ya tayar da Lauwali ba na tsayawa kallo ba ne.

Shi kuwa gudun bai yi nisa ba ya koma sassarfa, sassarfar ta koma jan ƙafa. Jikin da ya shekara arba'in yana hutawa ya ce bai san zancen ba. Ga shi bai iya tafiya yana duban ƙasa ba, ido na sama, ƙafa na cin karo da kowane kututture. Ya faɗi ya tashi, karangiya ta cika masa wando, tafin ƙafarsa mai laushi kamar na jariri ya tsage a kan duwatsu masu zafi. Da rarrafe ya ƙarasa hawan.

A wani ɗan kwari tsakanin manyan duwatsu biyu ya same ta. Saye ta haihu, ga abin da ta haifa nan kwance a inuwar wani kalgo, ta lashe shi tas, ya naɗe ƙafafu yana kaɗa kunne. Ita kuwa da alama ta zame ne a kan dutse bayan haihuwar. Ƙugunta ya saki, ƙafafun baya sun juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, tana numfashi da ƙyar. A kan duwatsun kewaye mikiyoyi sun jeru sun zuro wuya. Yau ne ya fara ganinsu kusa da kusa, tsuntsayen da ya ƙare rayuwarsa yana yi musu kirari a gaban dattawa. Wari suke yi, ƙudaje na bin su, suna tsalle-tsalle da gefe suna matsowa. Ya ɗebi duwatsu ya shiga jifa yana zaginsu har iyayensu.

Bai san kiwo ba, amma ya san saniyar nan ba za ta sake tashi ba. Abin da ya rage shi ne a yanka ta tun tana da rai. In ta cika da kanta ta zama mushe, Adda ba ta da nama, ba ta da komai, sai dai ta tsaya ta ga tsuntsaye sun yage abin da ubanta ya bari. Ya laluba ƙugu, ya laluba aljihu. Sai a lokacin ya tuna cewa shi kullum kawo masa wuƙa ake yi. Ya ɗauki wani ɓallin dutse ya gwada a babban yatsansa, ya jefar. Ya hau sama ya ƙwala kiran Hamma har muryarsa ta dushe, duwatsu suka maido masa da abinsa. In ya koma gida ɗauko wuƙa kuwa, kafin ya kai gindin dutse mikiyoyin nan sun fara da idanunta, su gama da ɗan abin da ke gindin kalgo.

Sai ya tuɓe rigarsa ya riƙe ta a kan saniyar yana yi mata inuwa, in tsuntsu ya matso ya kaɗa masa. Tsoro ya kama shi sosai. Ya shiga lallashinta kamar mai ji. "Saye, ki yi wa Allah ki daure. Shekara nawa ina shan nononki ban taɓa yanko miki ko ciyawa ba, na sani. Kada ki rama yau." Sau biyu ya juya zai leƙa abin da ta haifa ya ga mace ce ko namiji, sau biyu ya fasa. Mutumin da ke rarrabe tsuntsu a ƙololuwar sama ya kasa duban abin da ke kwance taku kaɗan daga gare shi.

Rana ta take tsaka, hannuwansa sun gaji da riƙon riga, sai ya ji faɗuwar tsakuwa a bayansa. Adda ce ta ɓullo tsakanin duwatsu, da 'yar ƙwarya a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan.

"Yaya aka yi kika san nan nake?"

"Jinin ƙafarka na biyo. Da na ga ka yi gudu na san ka ga wani abu. Da na ga ka fita hannu rabbana na san sai na biyo ka da wannan." Ta ajiye wuƙar a kan dutse. "Na bar wa Uwa sallahu, in su Hamma sun dawo su taho da igiya da masaki."

Ta durƙusa ta shafa ƙugun saniyar tun daga sama har ƙasa. Ta sa hannu a hantsa ta tatsi dakashi, nonon farko mai kauri, iyakar abin da ya samu. Ta je gindin kalgo ta tsoma yatsu tana sa wa ɗan abin a baki har ya kama tsotsa, ya shanye. Lauwali ya lura ita ma ba ta leƙa ba, fuskarsa kawai take kallo. Da ta gama ta dawo, suka kama ƙaho su biyu suka juya wuyan Saye ya fuskanci alƙibla. Ta kifa goshinta a kan na saniyar ta yi mata 'yar magana da yarensu. Sannan ta ɗauki wuƙar ta miƙa masa, tun da mace ba ta yanka.

"Adda, ni fa kaji kawai na taɓa..."

"Yi maza, Malam. Tana tafiya."

Ta juya baya. Ya yi bisimilla, ya danna da duk ƙarfin da ya tara tun yana yaro bai taɓa kashewa ba. Jini ya yi tsiri, ƙafar gaba ta shura. Ya ce, "Ta motsa, Adda. Ta halatta." Sai a nan ta zauna daɓas a kan dutse ta ja gyale ta rufe fuska, ta yi kuka mai sauti, irin wanda bai taɓa jin ta yi ba ko a ranar da aka binne uwarta. Ya tsaya da wuƙa a hannu bai san inda zai ajiye ta ba. Tausayinta ya cika shi, ga shi bai iya lallashi ba, iyakar abin da ya iya yi shi ne ya ci gaba da jifan tsuntsaye don kada su sauka tana gani.

Can ta share ido da bakin zane, ta tashi ta nufi gindin kalgo. Ta tsuguna, ta kama ƙafar baya ta ɗaga. Ta daɗe tana kallo, fiye da yadda abin ke bukata. Ta sauke ƙafar a hankali, ta gyara masa kwanciya.

"Namiji ne," in ji ta.

Daga ƙasa aka fara jiyo muryar Hamma da mutanensa suna hawowa. Adda ta kakkaɓe zanenta, ta ɗauki ƙwaryarta, ta dubi maraƙin, ta dubi mijinta tun daga fasassun ƙafafu har kai.

"Ɗauko shi, Malam. Na saba da ɗawainiyar namiji."

Ya sunkuya ya saɓa maraƙin a wuya, ƙafafu biyu ta nan biyu ta can, ya bi bayanta. Nauyin ya danne masa kai ƙasa, bai kuwa sauke ba har gida.